Ranar da Baba Ya Cire Mafara

Shekara uku na yi ina bautar maƙala guda ɗaya. Ɗaya tak, shafi ashirin da biyu. A cikin shekarun nan abokin aikina, wanda muke ofis ɗaya a kwalejin da nake koyar da lissafi a Talata Mafara, ya fitar da goma sha ɗaya. Akwai irin mujallun da yake aika wa, waɗanda in ka tura musu rubutu ranar Litinin, kafin Alhamis sun taya ka murna, ko da kuwa jerin kayan cefane ka tura. Kullum ya shigo ya same ni na dafe kai a kan shafi ɗaya sai ya ce, "Hajiya, wai ke kundin tsarin mulki kike rubutawa ne?" In ce masa eh, kuma sashen farko ya haramta surutu a ofis.

Abin da nake bincike a kai ba shi da wuyar faɗa. A ɗauka ga garuruwa, ga hanyoyin da suka haɗa su. Ana so a raba musu ranakun kasuwa yadda garuruwa biyu da hanya ta haɗa ba za su ci kasuwa rana ɗaya ba, kuma ana so ranakun su zama mafi ƙaranci. In garuruwan biyar ne, kowace tsohuwa mai sayar da daddawa za ta raba maka su. In sun kai dubu, kwamfuta ma sai ta yi ta laluben duhu har mai ita ya tsufa. Ni kuwa na samo wata dabara mai sauri da ke aiki a kan wani nau'in taswira, na kuma rubuta hujjar da ke tabbatar da cewa dabarar ba ta kuskure. A fanninmu hujjar ita ce komai. Ba a cewa "na gwada sau ɗari ta yi". Sai ka nuna, mataki bayan mataki, cewa ba yadda za a yi ta ƙi yi.

Ban san al'adar mutanen mujallun ƙasashen waje ba lokacin da na fara. Wasiƙata ta farko ga edita, sai da na tambaye shi gajiya, da iyali, da aiki, da sanyin ƙasarsu, na yi masa addu'ar gamawa lafiya, kafin in ambaci abin da ya kawo ni. Kafin in gama shan kunun da ke gabana amsa ta dawo, layi ɗaya, wai rubutun bai dace da mujallarsu ba. Ko gaisuwar bai amsa ba, ɗan banza. Mujalla ta biyu ta riƙe ni wata takwas kafin ta ce a'a. Ta uku, wadda ake ji da ita a fanninmu, ita ce ta miƙa maƙalar ga alƙalai.

Alƙalan nan masana ne guda uku da edita ke zaɓa su tantance rubutu, kuma ba a gaya maka ko su waye. Na ɗaya ya rubuto layi biyu, ya ce abin ya yi kyau. Na uku, na rantse bai wuce shafin farko ba, don tambayar da ya yi amsarta na shafi na biyu. Na biyu kuwa, Allah ya isa tsakanina da shi. Shafi huɗu ya cika da ƙorafin waƙafi da aya, da yadda na jera sunayen littattafai, da wai me ya sa ban ambaci wasu maƙalu biyar ba, waɗanda duk mutum ɗaya ya rubuta su, kuma ban san dalili ba nake jin mutumin shi ne shi. A ƙarshe ya ce akwai wani sharaɗi da na gindaya wa taswirorin tun a farkon maƙalar, a ganinsa ba a bukatarsa. In na cire shi, sakamakon zai fi faɗi, zai cancanci mujallar.

To ni a gidan malamai na tashi. A gidanmu in babba ya gyara maka karatu, "to" ake cewa, a gyara. Na zauna na bi hujjar, na ga kamar gaskiyarsa, na cire sharaɗin, na yi masa godiya har sakin layi biyu. Bayan wata biyar imel ya shigo ina tsakiyar aji: an karɓa. Na bar ɗalibai da rabin lissafi a allo, na fita bayan ajin na yi guɗa ni kaɗai. Abin da ya rage kawai in duba shafukan da suka tsara, in mayar musu cikin kwana goma, a buga.

Ba don a san ni a duniya nake wannan wahalar ba. Sau biyu kwamitin ƙarin girma na kwalejinmu yana tsallake ni, don ba ni da maƙala a babbar mujalla. A ƙarshen watan za su rufe karɓar takardu, kuma wasiƙar karɓa ta isa hujja. In wannan karon ya wuce, sai bayan shekara uku.

Na kira Baba a Damri na gaya masa. Mahaifina malami ne na zaure, ya shekara sama da arba'in yana karantar da manya littattafan fiƙihu a kan buzu ɗaya. Shi ya tsaya kai da fata na yi boko, lokacin da wansa, Baffa, yake cewa ɗiya mace da lissafi sai ka ce an ba akuya madubi. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, don haka bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce min. Da ya ji labari bai ce komai ba sai hamdala sau uku. Ashe yana ajiye wayar ya nufi masallaci. Kafin la'asar duk Damri ta ji cewa malaman duniya sun gaskata karatun ɗiyar Malam, kuma ranar Asabar akwai walima. Har rago ya saya, mutumin da ke ɗinke takalminsa da kansa.

Ranar Alhamis na shiga motar Bakura da wuri, don yanzu ba mai hankalin da ke bin hanyar nan bayan la'asar, daga can na hau mashin zuwa gida. Mun gaisa da Baba gaisuwar da ta fi wasiƙata ga edita tsawo. Ya tambayi maigidana, da yara ɗaya bayan ɗaya, da ruwan Mafara, da shugaban sashenmu da bai taɓa gani ba. Sannan ya ce, "Kin taho da rubutun?"

Na miƙa masa shafukan. Ya juya su, ya auna nauyinsu a tafin hannu, ya ce, "An yi mashi muƙabala?"

Muƙabala al'adarsu ce ta masu kwafar littafi da hannu. In an gama rubutu, sai mutum biyu su zauna, ɗaya yana karantawa da ƙarfi, ɗaya yana bi, ba a tsallake ko ɗigo. Baba ya ƙara mata nasa tsaurin: ba ya barin a wuce jumla sai ya iya maimaita ma'anarta da bakinsa. Duk abin da zai fita daga gidansa da sunan ilimi sai ya bi ta nan, ko da wasiƙar neman taki ce.

Na yi dariya. Na ce, "Baba, da Turanci ne fa, kuma lissafi ne. Manyan furofesoshi uku sun duba shi."

"Su wa da wa?"

"Ai ba a sanin su."

"Wa ya karantar da su?"

"Baba, sunansu ma ba a sani ba."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Malamin da ba a san sunanai ba, ba a san malaminai ba, shi kinka ba amanar karatunki? Zauna, Uwata. Ki mayar min da shi Hausa."

Haka muka zauna a zaure, ni da digirina uku a kan tabarma, shi a kan buzu. Ya sa aka kawo masa gyaɗa a faifai da tsinkayen tsintsiya. Kowace ƙwayar gyaɗa gari ce, kowane tsinke hanya. In na karanta mataki na fassara, sai ya jera shi a ƙasa, ya matsar da wannan, ya ɗauke wancan, ya maimaita min abin da na ce da kalmominsa, sannan ya ce, "Wuce." Ya raɗa wa gyaɗun sunaye don kada su rikice masa, wannan Jangebe, wannan Damaga, waccan mai ƙaton ciki Mafara. Raina ya ɓaci da farko, na ga ɓata lokaci ne kawai. Amma wajen shafi na shida sai na tsinci kaina ina jin daɗi. Shekara uku ban samu wanda ya saurari abin nan har ya yi min tambaya mai ma'ana ba, sai ga tsohon da bai san inda ake kunna kwamfuta ba yana cewa, "A'a, wagga hanya kin riga kin ƙirga ta." Muka tsaya a shafi na tara da aka kira magariba.

Da hantsin Juma'a muka ci gaba. A shafi na sha huɗu akwai wurin da hujjar ke cewa a ɗauke gari guda daga taswira, a raba wa sauran ranakunsu, sannan a dawo da shi. Na karanta layin yadda na rubuta shi: a bayyane yake cewa in an ɗauke garin, sauran garuruwan suna nan haɗe da juna. Na wuce. Na karanta layi na gaba, da na gabansa.

"Dakata," in ji Baba. "Koma baya. Mi kinka ce a bayyane yake?"

Na maimaita.

"A bayyane ga wa?"

"Ga kowa mana, Baba. Haka ake rubutawa in abu bai bukatar dogon bayani."

Ya share gaban buzunsa, ya ajiye gyaɗa uku a jere, ya haɗa su da tsinke biyu. Ya nuna ta hagu ya ce Bakura, ta dama Maradun. Sannan ya ɗauki ta tsakiya, mai ƙaton cikin, ya ɓare ta, ya jefa a baki.

"Na cire Mafara," ya ce yana tauna. "To ga mutumin Bakura shina son zuwa Maradun. Ta ina?"

Na ce ai akwai hanyar daji, 'yan mashin na bi.

"Cikin takardarki akwai hanyar daji?"

Na fizgi shafukan na koma farko. Sharaɗin nan da alƙali na biyu ya sa na cire, aikinsa ke nan: shi ke hana a samu garin da in an ɗauke shi taswira za ta rabe biyu. Lokacin da sharaɗin ke nan, layin gaskiya ne, kuma a bayyane yake ɗin. Na cire sharaɗin na bar layin. Ni na karanta shafin nan ya fi sau hamsin, alƙalai uku sun sa hannu, edita ya sa hannu, ba wanda ya tsaya, don duk wanda ya ga an ce abu a bayyane yake kunya yake ji ya ce shi bai gani ba.

Maza suka tafi masallacin Juma'a, ni na shige ɗakin Inna da biro da takarda. A tsakar gida mata na ta daka, ana gyaran shinkafar gobe, ragon na ta kuka a turke. Na ce wa kaina wataƙila hujjar ce kawai ta yi rauni, dabarar na nan daram, toshe ramin zan yi. Kafin la'asar na zana taswira mai gari bakwai wadda dabarata ta ba ta ranakun kasuwa huɗu, alhali uku sun isa. Na sake lissafawa sau uku. Abin da na ce na tabbatar ƙarya ne, kuma gari bakwai sun isa su ƙaryata shi.

A gidanmu ba a samun sabis sai a bayan rumbu. Can na je na kira abokin ofis ɗina, don duk surutunsa ba mugu ba ne, kuma ya san kan takardun kwamiti. Ya saurare ni har ƙarshe, sannan ya ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, mutum nawa za su karanta shafi na sha huɗu? Ke da kika rubuta ma ba ki gani ba. Ki mayar musu a buga, ki karɓi ƙarin girmanki. Bayan shekara ki aika da 'yar gyara, kowa na yi. Yanzu wa ya sani?"

Na ce babana.

"Yana da imel?"

Ba zan yi ƙarya ba, shawarar ta zauna min. Har na fara ƙawata ta. Ai ba sata na yi ba. Ai laifin alƙali na biyu ne. Ai in na mayar da sharaɗin, sakamakon ya koma ɗan ƙarami, mujallar ba za ta karɓa ba, shekara uku sun tafi a banza, mai maƙala goma sha ɗaya ya zama shugabana. Da wannan zafin na shiga zaure bayan la'asar, na tarar da Baba shi kaɗai yana cinye sauran garuruwan.

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce shi da ya tara min jama'a ya sayi rago, me ya kai shi tonon abin da ba a tambaye shi ba? Na ce wannan ba littafin fiƙihu ba ne, ba wanda zai shiga wuta don kasuwar gari bakwai ta ci kwana huɗu. Na ce zan mayar da shafukan yadda suke, in gyara daga baya, kuma ina roƙonsa kada ya gaya wa kowa.

Ya bar ni na gama. Bai yi min wa'azi ba, da ma ya yi, da na samu abin musu. Ya kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya ce, "Uwata, ni ban iya Turanci ba, ban san editanki ba, ba ni da hanyar kai ƙararki. Rubutunki ne. Amma gobe in jama'a sun taru, ni za a ce in tashi in yi magana. Ke faɗa min abin da zan ce masu, shi zan faɗi."

Na gwada jumlar "komai daidai yake" a zuciyata da muryarsa, a gaban mutanen da suka shekara arba'in suna kawo masa rigimar gona da ta aure don sun san ba ya ƙara ko wasali a magana. Ta ƙi fita. Na tashi na bar masa zauren ko sallama ban yi ba.

Da safiyar Asabar, ana fiɗar ragon, na koma bayan rumbu na rubuta wa edita. Wannan karon ban tambaye shi iyali ba. Na ce akwai kuskure a shafi na sha huɗu, ga taswirar da ke rushe sakamakon, ina janye maƙalar. Yatsana ya daɗe a kan wayar kafin in tura. Da ta tafi na zauna a ƙasa na yi kuka mai majina, kaji na kallona. Editan da ke ɗaukar wata biyar kafin ya amsa, ran nan cikin awa ɗaya ya amsa. Ya gode da gaskiyata, ya ce in an mayar da sharaɗin sakamakon ya yi wa mujallarsu ƙanƙanta, ya yi min fatan alheri a wani wuri. Na aiki yaro zaure ya gaya wa Baba na janye.

Bayan azahar ƙofar gida ta cika. Ina daga cikin soro tare da mata, ina hango Baffa a sahun gaba ya baje babbar riga. Baba ya miƙe ya yi salati, ya yi gaisuwa, sannan ya ce, "Jama'a, ran Talata na faɗa maku malaman duniya sun gaskata karatun ɗiyata. Na yi gaggawa. Mun yi muƙabala, an samu ɓaraka a ciki, ta rubuta masu da hannunta ta janye shi. Ba za a buga ba. Abinci dai an riga an dafa, ku ci, ku yi mata addu'a."

Sai muryar Baffa, ba a ƙasa-ƙasa ba: "To walimar mi muke ci?" Wani ya yi dariya ya mayar da ita tari. Aka ci ragon tas, har da masu ƙullawa a leda. Wata gwaggona ta dafa ni ta ce in yi haƙuri, ita ma ɗanta sau uku yana faɗuwa jarrabawa. Na so ƙasa ta tsage. Na san tun a lokacin sunana ba zai fito a jerin ƙarin girma ba, kuma da watan ya ƙare bai fito ba. Na abokin ofis ɗina ya fito, ya kawo min lemo.

Ranar Lahadi da safe na shirya komawa Mafara. Tun Juma'a ban yi wa Baba magana ba sai gaisuwa, ita ma a taƙaice. Haushinsa nake ji, na ga shi abin bai ci masa komai ba, ya tsare gaskiyarsa, ni aka bari da asara. Na durƙusa a bakin zaure na ce na tafi. Mai mashin na jira a waje. Maimakon ya sa min albarka daga zaune yadda ya saba, sai ya tashi ya rako ni har ƙofar gida, abin da bai taɓa yi ba.

A nan ya tsaya, bai dube ni ba, ya ce, "Uwata, tun kina karanta layin nan na ga ramin. Na bari kinka wuce. Layi biyu kinka karanta ina zaune ina cewa, tsoho, yi shiru, wa zai sani, ga Baffanta gobe. Wallahi na so in yi shiru." Sannan ya ce, "Shekara talatin nike jiran ranar da zan tashi gaban mutumin nan in faɗi abin da kinka zama."

Haushin da na kwana biyu ina riƙo ya zube, na ji kunya ta kama ni har wuya. Na kama hannunsa. Mai mashin ya danna oda, Baba ya zare hannunsa ya goge ido da bakin rawani, ya ce in yi sauri kada motar farko ta cika.